Ɗiban Wuta a Gidan Inna Tumba

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Sakkwato da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Ranar sha biyu ga wata, saura awa ɗaya da 'yan mintuna a sha ruwa, gas ya ƙare wa matar ɗana alhali wake bai nuna ba. Ta tsaya a ƙofar kicin tana girgiza tukunyar gas ɗin kamar lallashi zai sa ta ƙaro. Na ce ta sauke waken da zafinsa, kada ta buɗe murfi, ta naɗe tukunyar da tsohon bargo ta cusa a kwali. Ta yi mini kallon da ake yi wa tsohuwar da aka fara shakkar hankalinta, amma ta yi, don yarinya ce mai ladabi. Da aka kira magariba wake ya yi laushi.

"Mama, ina kinka koyi wanga?" in ji ta.

Na ce Illela. Ban ƙara ba, don akwai dabino a bakina, kuma labarin ba na faɗa a tsaye ba ne.

Wata ɗaya da aurena aka rufe iyaka. Ni 'yar cikin garin Sakkwato ce, mahaifina malamin ofis, gidanmu da lantarki da risho, ban taɓa sanin cewa itace abu ne da ke ƙarewa ba. Maigidana kuwa mutumin Lafani ne, yana yi wa wani attajiri fataucin atamfa da goro zuwa Tawa da Agadas. Ya kama mana ɗan gida mai ɗaki biyu a gefen Illela ta arewa, inda in ka hau tudu kana hango Ƙwanni. Ya tafi da mota cike da kaya, ya ce mini mako uku. Bai yi mako biyu ba aka zuba sojoji a bakin iyaka aka ce ba shiga ba fita. Masu ƙafa suna satar hanya ta daji, amma mota ba ta bin daji, kayan kuma amana ne a hannunsa. Saƙo ɗaya ya iso mini ta bakin wani mai jaki: in yi haƙuri, in riƙe gida. Da na so, da na aika gida an zo an ɗauke ni. Sai dai bai ba ni izinin tafiya ba, kuma mahaifiyata ta faɗa tun kafin biki cewa 'yar da ta tashi da risho ba za ta yi wata uku a ƙauye ba. Na ƙudura ba zan ba ta gaskiya ba.

Damina ta baya ba ta yi ba. Kara babu, ɗan wanda ya rage dabbobi sun cinye har saiwa. Itacen da garin ke girki da shi, yawancinsa daga hayin iyaka raƙuma ke kawowa, raƙuman suka daina zuwa. Kananzir sai an yi layi tun safe, kuma mace irina ba ta layi. Ashana ma ta koma abin da ake ɓoyewa a cikin kwalla tare da turare. Rabin gidajen unguwarmu an ja ƙaya a bakin ƙofa, masu su sun tafi cin rani kudu, lokacin dawowa ya yi ba su dawo ba. In rana ta take, ba abin da ake ji sai kukan kurciya da kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi.

Wan maigidana yana zuwa daga Lafani ranar Lahadi, ranar kasuwa. Ya ajiye ɗan gero a zaure, ya yi sallama daga bayan katanga, ya tambayi lafiya, in ce lafiya lau, ya tafi. Kunya ba ta bari mu wuce haka. Yunwa ban ji tsoronta sosai ba, geron yana isata. Abin da na ji tsoro shi ne yinin da zai fito ya faɗi ban yi magana da kowa ba, kuma irin waɗannan ranaku sun yi yawa. Har na kama kaina ina yi wa kaza bayanin abin da zan dafa.

Maigidana ya bar mini kayan raƙumi biyu na itace, sabara da geza da 'yan gumaguman kirya, da galan na kananzir da ƙunshin ashana. A wata na farko na ci rabi. Sau uku nake hura wuta a yini, in tula itace, in kwarara kananzir, in ƙyasta ashana uku kafin ɗaya ta kama. Wutar tana tashi har ta lashi wuyan tukunya, ni kuwa ina jin na iya girki. Saura kwana biyu a ga watan azumi tsinken ashana na ƙarshe ya mutu a hannuna, iska ta hure shi. Na zauna a gaban murhu da gari a ƙwarya, na rasa abin yi, sai hawaye.

Tsakanin gidana da na maƙwabta akwai inda katanga ta zube tun wata damina, aka toshe da zana. Daga bayan zanar nan na ji tari, sannan muryar tsohuwa.

"Amarya, ashana ta ƙare ko? Wata biyu nike jin ki kina ƙyastawa kamar ubanki ka yin ta. Ɗauko kasko ki taho."

Na san akwai tsohuwa a gidan, ina jin motsinta, amma ban taɓa leƙawa ba. Na ɗaga zanar na shiga. Inna Tumba ke nan, 'yar ƙaramar mace, ido ɗaya ya yi fari, tana zaune a ƙarƙashin rumfa tana kaɗin auduga. Mijinta ya rasu shekara bakwai, 'yarta ta rasu wurin haihuwa, ɗanta ɗaya ya tafi kurmi tun tuni, ba wasiƙa ba saƙo. Na dubi murhunta ban ga wuta ba, sai tsibin toka, wadda ita ke kira habɗi. Ta sa tsinke ta tona, sai ga garwashi ja wur. Ta ce wannan wutar da ita aka dafa abincin sadakar bakwai ɗin mijinta, kuma tun daga ranar ba ta mutu ba. Da, matan unguwa a nan suke ɗiban wuta safe da yamma, har sai an jira juna. Risho da ashana suka rage su, fari ya kwashe sauran.

Ko'ina a ƙasar Hausa mai ɗiban wuta da gaggawa aka san ta, don garwashi ba ya jira. A gidan Inna Tumba ba haka ba ne. Sai ta nuna miki tabarma, ta tambaye ki mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, ta ba ki labarin wata rijiya da aka haƙa tun tana budurwa, sai ta gama da ke sannan ta tona toka. Ni kuwa abin ya zo mini daidai. Matar da mijinta ba ya gari ba ta yawon gidaje, ana magana. Amma ɗiban wuta ba wanda ke lissafa shi a fita.

Da azumi ya kama, tsarin yinina ya zama ɗaya. In yi sahur da sauran tuwon jiya da sanyinsa, in sha ruwan randa har cikina ya yi nauyi. Da hantsi in share tsakar gida, in yi surfe tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Daga nan sai kwanciya a ƙasa a bakin ƙofa, in jiƙa zani in lulluɓa, kafin in juya ya bushe. Leɓe ya tsage, harshe ya yi kauri, ko tunani ba ya tafiya daidai. Abin da nake jira kawai kiran la'asar. Ina sallamewa in ɗauki kaskona in ɗaga zana.

A nan ta gyara mini hannu, kuma ba da lallashi ba. Ranar farko da ta leƙo ta zana ta ga wutata, ta ce, "Bijimin sa za ki gasawa, ko kunun mutum guda?" Ta sa na zare itacen duka sai tsinke uku, kawunansu kawai ke haɗuwa a ƙarƙashin tukunya, ina turawa kaɗan-kaɗan. Ta sa na kwaɓa laka da kashin jaki na toshe tsakanin duwatsun murhu, na bar ƙofa ɗaya ta inda iska ba ta bugowa, na kuma rage tsayinsu har gindin tukunya ya kusa zama a kan wutar. In na gama girki, in zare abin da ya rage in cusa kansa a yashi, ba a ruwa ba, don gobe ya kama da wuri. Wake tun safe nake jiƙa shi da 'yar kanwa. Murfi kuwa ta hana ni ɗagawa, har dutse ta sa na ɗora a kai.

"Kowane buɗi da kinka yi, icce guda kinka zubar," in ji ta. "Abincin ba ya gudu. Bar shi."

Wata rana ta jawo wani tsohon kwando cike da ƙaiƙayin gero, ta ce in tukunya ta tafasa sosai in sauke, in naɗe ta da zani in binne a ciki, zafin da ta ɗauka shi zai ƙarasa aikin. Na yi dariya, na ce a Sakkwato wuta ke dafa abinci, ba ƙaiƙayi ba. Ta ce shi ya sa Sakkwatawa ba su bar icce ko guda a bakin gulbi ba. Ruwan wanka kuwa, ta ce wanda ya hura wuta don shi a wannan rana ya yi wa Allah butulci, in zuba a daro in ajiye a tsakar gida. Fitila ta ce in datse lagwani, in ci abinci da sauran hasken magariba, in yi isha'i in kashe. Ko batirin rediyona da ya mutu, ita ta ce in shanya shi a rana. Yana ba ni labaran yamma rabi, sai muryar mai karantawa ta yi ƙasa ta ɓace.

Tsibin itacena ya daina zubewa kamar da. Na fara ganin zai kai ni sallah. Abu ɗaya ne ta ƙi koya mini. Sau uku ina tambayarta.

"Inna, ƙaƙa wutakki ka kwana ba ta mutuwa? Ni in na rufe tawa da toka, kahin asuba ta zama gawayi."

"Wutag ga ta san ni," in ji ta, tana murza mazari a cinya. "Ke dai ki taho ki ɗiba. Ko na taɓa hana ki?"

Na ɗauka wani sirri ne na tsofaffi, ko addu'a ce take tofawa. Na bar maganar.

Akwai wata Bafulatana, Hajjo, da ke shigo mini da nono jefi-jefi. A shekarar shanunsu sun rame, sun daina ba da nonon kirki, sai ta koma tallan busasshen kashin shanu a buhu. Ranar sha huɗu ga azumi ta shigo da hantsi, ta zauna tana hutawa, na yi mata ƙorafin wutata da ba ta kwana. Ta dube ni kamar na ce ban san hanyar bakina ba. Ta ɗauki kashin shanu biyu ta nuna mini: garwashi a tsakiya, a haɗa su, a rufe da toka mai kauri, a kifa fasasshiyar tukunya a kai a bar 'yar kafa. Ta ce haka zai yi ta ci a hankali har gobe war haka.

"Wannan ai kowa ya sani," in ji ta. "Tsohuwar nan ta bayan zana ita ta koya wa rabin matan garin nan. Ba ta gaya miki ba?"

Na ji kunya, sannan na ji haushi, kuma haushin ya fi yawa. Ashe abin da ba ya wuce a faɗa a numfashi ɗaya ne ta ɓoye mini. Na ce a raina ta mayar da ni abin dariya, 'yar birni da ba ta iya riƙe wuta ba, kullum tana zuwa da kasko kamar mai roƙo. Don in wanke kaina kuma sai na ƙara da cewa ai sauƙi zan yi mata, kowane garwashi da na ɗiba daga itacenta yake fita, ita da ba ta da mai kawo mata. Wannan dalili na biyu gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni zuwa ba. Girman kai ne.

Ranar na ɗebo wuta kamar kullum, ban ce mata komai ba. Da na gama girki na binne kamar yadda Hajjo ta nuna. Washegari da la'asar na ɗaga fasasshiyar tukunya na tona, sai ga ta da rai. Na yi murna ƙwarai, na waiga in nuna wa wani, ba kowa sai kaza.

Kwana biyar ban ɗaga zanar nan ba. Ina jin tarinta bayan la'asar, tari biyu a jere, wanda na san ba na ciwo ba ne. Ina jin ta jawo tabarma ta shimfiɗa a inda nake zama. In yi kamar ina da aiki, in yi ta buga muciya a tukunya don ta ji cewa wutata na ci. Ba ta kira ni ba, ita ma da nata girman kan. Waɗannan kwanaki su ne mafi tsawo a azumin. Zafi ya ƙaru, hadari yana haɗuwa a gabas kowace yamma ya watse ba ɗigo. Na sha ruwa ni kaɗai, na ci tuwo ni kaɗai, abincin ya dahu daidai, itace bai tafi ba, kuma ban taɓa jin kewa irin ta lokacin ba. Ranar Lahadi da wan maigidana ya yi sallama, da na buɗe baki in amsa sai muryar ta fito a shaƙe, don ta kwana uku ba a yi aiki da ita ba.

A rana ta biyar da yamma iska ta taso, ta kwashe daro ta buga da katanga, sannan ruwa ya sauko. Ba wani ruwan kirki ba ne, bai fi a sha kunu a ajiye ludayi ba ya ɗauke. Amma ƙamshin ƙasa ya tashi, na tsaya a tsakar gida na bar shi ya jiƙa ni, ina jin yara can cikin gari suna ihu. Murhuna yana ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Washegari bayan la'asar ina tankaɗe, sai na ga zana ta motsa. Inna Tumba ce, da sanda a hannu ɗaya, kasko a ɗayan. Tun da na zo gidan ba ta taɓa tako ƙafarta cikinsa ba.

"Amarya, ruwan jiya sun kashe min wuta. A ɗiba min."

Ina ma in ce tausayi na ji. Daɗi na ji. Na tashi da yanga na ɗaga fasasshiyar tukunya a gabanta, don ta ga kashin shanun da tokar, ta san na gano. Na zuba mata garwashi na miƙa. Ban shimfiɗa tabarma ba. Ta karɓa ta tsaya, tana duban murhuna, tana duban kwandon ƙaiƙayi, tana duban igiyar shanya.

"Kin iya," in ji ta.

Na ce, "Hajjo tag gwada min."

Ta gyaɗa kai. Ta ƙara tsayawa kaɗan, garwashin yana yin fari a kasko. Sannan ta ce Allah shi yi albarka, ta juya ta ɗaga zana da ƙyar, don hannayenta biyu a cike suke, ni kuwa ina tsaye ban taimaka mata ba.

Da na dama kunun tsamiya sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Wutar shekara bakwai ce ta mutu, wadda ta haɗa ta da mijinta, ni kuma ko jaje ban yi mata ba. Na zuba kunu a ƙwarya, ana gab da kiran magariba na shiga. Tana tsugune ta hura sabuwar wuta a gefe, a kan wasu duwatsu dabam. Na dubi rumfarta. Ba inda ta yaye. Ƙasar da ke ƙarƙashinta busasshiya ce, har da sawun kaji a cikin ƙura. Audugarta a bushe, 'yan itatuwanta a bushe. Murhun kaɗai ne ya jiƙe, toka ta zama baƙin taɓo, ruwan bai ma gama tsanewa ba, ga buta a kife kusa da shi. Ruwan sama tun jiya ya ɗauke.

Na daɗe a tsaye da ƙwarya a hannu. Ta ɗago ta ga inda nake kallo. Ba ta kawar da butar ba.

"Ruwan bana da ban mamaki su ke, ɗiyata," in ji ta. "Wuri guda sunka zuba."

A gidanmu ba a koya mana ba wa babba haƙuri da baki ba, kuma da na yi, da na kunyata ta. Na ajiye kunun, na jawo tabarmar da kaina na zauna.

Na ce, "Haka na, Inna. Ina jin gobe gidana za su sauka."

Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. Aka kira salla, muka sha kunun a ƙwarya ɗaya.

Washegari da hantsi na ɗauki buta na juye a kan wutata. Ta yi tsuwa, hayaƙi ya tashi, na ji warin jiƙaƙƙiyar toka. Ban sake binne wuta a gidan nan ba. A goman ƙarshe ma sai na kwashe sauran itacena na kai rumfarta, muka koma tukunya ɗaya, ni da tuƙi ita da gyaran wuta da faɗa. Wuta ɗaya ta ciyar da gida biyu, itacen ya kai mu sallah har ya wuce. Maganar buta ba ta sake tasowa tsakaninmu ba, ko sau ɗaya. Sai dai ta daina cewa wutarta ta shekara bakwai ce. In Hajjo ta tambaya, sai ta ce wutar amarya ce take riƙo.

Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Bayan babbar sallah maigidana ya dawo ta daji, a ƙafa, ya rame har na ɗan yi shakkarsa a zaure. Ya samu ya danƙa kayan a hannun wakilin ubangidansa a can. Ya ce kasuwar iyaka ta mutu, wani abokinsa ya samo masa rumfa a kasuwar Sakkwato, jibi za mu tashi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Ina son ganin mahaifiyata, ina son ta ga na yi wata nawa.

Ranar tafiya na shiga sallama. Na kai mata ragowar kananzir da kwalin ashana cikin waɗanda ya zo da su. Ta juya kwalin a hannunta.

"Mi za ni yi da ita?"

Na ce ko wuta ta mutu.

"Ba ta mutuwa," in ji ta. "Wa as sani ko wani ya taho ɗiba."

Na ce zan riƙa zuwa, Illela da Sakkwato ba nisa. Ta ce to. Ta raka ni har bakin zana, ba ta wuce nan ba. Mota na jira a waje, maigidana yana kira.

Ban je ba. Ciki ya zo da laulayi, sannan haihuwa, sannan arba'in, kullum ina cewa in an kwana biyu. Sau ɗaya na aika mata da goro da sabulu ta hannun wan maigidana, ya ce ta karɓa ta sa albarka, ta tambaya ko har yanzu ina ɗaga murfi. Gidan da muka bari ba wanda ya sake kamawa, mai shi ya sa aka ɗaure zanar da igiya.

Da shekara ta zagayo, wan maigidana ya zo Sakkwato ganin jariri. Yana daga zaure, bayan an gama gaisuwa, ya ce af, tsohuwar nan maƙwabciyarmu Allah ya yi mata rasuwa. Na tambaya yaushe, da me. Ya ce ba wanda ya san sa'ar. Hajjo ce ta shiga da tallanta bayan azahar ta same ta a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, da alama tun daren jiya ne ko asuba. Ya ce an rasa mata a unguwar da za su yi mata wanka, sai da aka kira daga cikin gari. Da suka zo suna neman ashana su ɗumama ruwa, Hajjo ta ce su dakata. Ta ɗaga fasasshiyar tukunya ta tona toka, ta tarar da wutar da ranta, an binne ta da kyau yadda za ta kai la'asar.

Ya ce da ita aka ɗumama ruwan.